Ciwon da Ya Fito Bayan Takaba

Sunana Sa'ade, shekarata arba'in da takwas, a Gwaram nake zaune. Ni ce mai buga takardu a wani ofishi a garin, tun zamanin tafireta har aka kawo kwamfuta. Likitar da ta duba ni ce ta ce in rubuta abin da ya same ni, ko akwai wata irina a wani gida da ake ta ɗura wa maganin taifot. Na yarda, don hannuna ya fi bakina iya magana.

Mijina Malam Iliyasu direban motar haya ne, Gwaram zuwa Kano. Shekara ashirin da shida muka yi, Allah bai ba mu haihuwa ba. Shi mutum ne na mutane, ko a layin shan mai sai ya yi aboki. Ni kuwa ko maƙwabta sun san ba na shiga gida in ba da dalili ba. Duk bikin da ya zama dole in je, sai ya zaunar da ni tukuna.

"Ki fara gaida Hajiya Babba, ki durƙusa. In ta ce kin ɓuya, ba tambaya ba ce, kada ki tsaya yi mata bayanin inda kike. Ki ce wallahi hidima ce. Ki ci abinci ko loma biyu. In an kira la'asar ki yi sallama, ina bakin hanya."

In na dawo kuma sai in zube masa duk maganar da ban gane ba, yana cin tuwo yana warware mini: wannan wasa ne, wannan habaici ne, wannan da ke take amma ki share. Shi ke zuwa kasuwa. Shi ke amsa sallama. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin jinya ba. Na zaci haka kowane aure yake.

Ya faɗi a tasha da hawan jini, ya kwana uku, Allah Ya karɓi abinsa.

Zan faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. Bayan 'yan gaisuwa sun watse, takaba ba ta yi mini wuya ba. Ba fita, ba biki, ba wanda zai ce don me ban leƙo ba. Abin da ya yi mini wuya shi ne maganganun da na riƙa tarawa. Wata ta zo gaisuwa ta ce, "Sa'ade akwai ƙarfin zuciya, ko ɗigon hawaye." Na ajiye maganar a raina in tambayi Malam ko yabo ne. Sai da magariba ta yi na tuna ba wanda zan tambaya. Haka suka yi ta taruwa, har yau wasu suna nan ban san ma'anarsu ba.

Da na fita takaba na koma aiki, sai na tarar an ɗauke teburina daga ƙaramin ɗakin baya inda na shekara goma sha tara, an kawo shi babban ɗaki kusa da ƙofa. Don alheri suka yi. Shugabanmu ya ce bai kamata mai sabon rashi ta zauna ita kaɗai ba. Janareta na bayan tagar, fanka na kaɗawa da ƙara, duk wanda ya shigo sai ya tsaya a kaina ya yi mini ta'aziyya. Ban san ko sau nawa ake amsa "ya haƙuri" wa mutum ɗaya ba kafin a daina.

Makon farko kunnuwana ne suka fara. Ƙarar janareta ta riƙa bina har gida. Sai cikina ya ɗauki zafi kamar an zuba barkono. Na je kemis, aka ba ni farin ruwan nan na gyambon ciki.

Mako na biyu abinci ya ƙi shiga, sai koko. Dama ni tun fil azal abincina ɗaya ne, koko da safe, tuwon dawa miyar kuka da dare, Malam yakan ci nasa marmarin a hanya. Yanzu tuwon ma ya gagara. Sannan magana ta fara ɓace mini. A yi mini tambaya, amsar na nan a kaina sarai, amma ta ƙi saukowa baki. Na je ƙaramin asibiti, aka ɗebi jini, aka ce akwai zazzaɓin sauro da ɗan taifot. Na shanye magani tas. Ba abin da ya canza.

A mako na huɗu, ranar Talata da hantsi, mutum uku suka tsaya a kaina lokaci guda, kowa da takardarsa, kowa na magana, ga janareta. Ban san yadda aka yi ba, sai ganina aka yi a ƙarƙashin tebur, na toshe kunnuwa da hannu biyu ina jijjiga. Ina jin duk abin da suke faɗa. Na ji wata ta ce, "Innalillahi, sun shige ta." Na so in ce ba kowa, ƙara ce kawai ta yi yawa. Bakina bai buɗu ba sai washegari.

A ranar aka kira Yaya Uwani, yayar Malam, mai shagon atamfa a Birnin Kudu. Ni da ita ba mu taɓa shiri ba. Ta taɓa cewa a gabana matar Iliyasu sai ka ce an aiko ta daga gidan sarauta. Amma kafin la'asar ta iso da jakarta, ta shimfiɗa tabarma a ɗakina.

Daga nan gidan ya cika da masu shawara. Wata ta ce iska ce ta same ni ranar da na fita takaba. Wata ta ce marigayi ne ke kirana, a yi sadaka. Wani kawun Malam ya ce maganinta aure, mace ba ta zama haka. An kawo rubutu, na sha da bismillah, shi kam ya sanyaya mini rai. An kawo hayaƙi, warinsa ya sa ni amai. Sannan aka kawo mai ruƙiyya, ya kafa bakinsa a kunnena yana karatu da iya ƙarfinsa. Na yi ihu na ture shi. Suka ce ai ga aljanin nan, ya fara magana. Allah shaida ne ba ayar na ƙi ba, ni da nake sauke Alƙur'ani duk wata. Da ya karanta a hankali daga bakin ƙofa, da na saurara har ya gama. Na gode musu, don ba wanda ya zo da mugun nufi. Amma cikin mako biyu ba wanda ya tambaye ni me nake ji. Kowa ya zo da amsarsa a hannu.

A mako na shida na yi amai da jini. Yaya Uwani ta ce, "Ya isa haka," ta ɗauki shatar mota zuwa wani asibiti a Birnin Kudu. Mun isa da sassafe, mun tarar layin yankar kati ya fito har waje. Daga layin kati zuwa na awon jini, daga nan zuwa bencin ganin likita, sai bayan azahar aka kira sunana. Aka tabbatar gyambon ciki ne, aka ba ni gado, aka sa ƙarin ruwa. Kwana goma sha ɗaya na yi. Tumakina biyu suka tafi a wannan kwanciyar, ita kuma Yaya ta rufe shago.

Ma'aikatan sun yi ƙoƙari. Abin da ya fi wahalar da ni lokacin 'yan dubiya ne. Da yamma ɗakin kan cika da sallama da ƙarar kwanuka da waya, kowane gado da jama'arsa. Yaya ta ga gadona ba kowa, sai ta ji kunya, ta riƙa gayyato ƙawayenta 'yan kasuwa su zauna a kaina. Ni kuwa sai in roƙi auduga wurin nas in cusa a kunne, in juya wa bango fuska.

Likitar ɗakinmu yarinya ce 'yar Filato, Kirista, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ran nan ta zo zagaye ta ce, "Hajiya, ya jiki?"

Na ce, "Ban je Makka ba."

Yaya ta zungure ni. Likitar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Ta ce, "To, me zan kira ki?"

"Sa'ade."

"Malama Sa'ade, audugar nan ta mece ce? Kunnen na ciwo?"

"Ba ya ciwo. Ƙara ce."

"Tun yaushe ƙara ke damunki?"

Na ce, "Tun ina yarinya."

Ta jawo kujera ta zauna. Ta yi mini tambayoyi da ba su shafi ciki ba: abincina, aikina, wa ke yi mini cefane. Da na gaya mata yadda Malam ke shirya ni kafin biki, ta daɗe tana kallon takardar hannunta. Washegari ta dawo da shafi biyu na tambayoyi cikin Turanci, kowace tambaya da gurabe huɗu, daga "haka nake sosai" zuwa "sam ba haka nake ba".

Yaya ta miƙa hannu. "Karanto, likita, in amsa mata. Shekara ashirin da shida na san halinta."

"A'a, Hajiya. Wannan ba mai jinya ke cikawa ba. Abin da ke cikin mutum ake tambaya, ita kaɗai ta sani. Malama Sa'ade, kada ki rubuta yadda ya kamata ki kasance. Ki rubuta yadda kike in ba kowa."

Kwana uku na yi a kan shafi biyun nan, ni da nake buga shafi arba'in a wuni. Ba wuya suka yi ba. Tsoro suka ba ni. Kamar wani ya laɓe a ɗakina shekara arba'in yana rubuta abin da nake ɓoyewa. An tambayi ko ƙaramin sauti da wasu ba sa ji yana hana ni sukuni. Ko raina na dagulewa in an canza mini tsari ba sanarwa. Ko nakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, sai daga baya in ji ashe ba haka ake nufi ba. Ko nakan haddace abin da zan ce kafin in shiga mutane. Ban taɓa sanin ana tambayar mutum waɗannan ba. Na zaci laifuffuka ne, irin waɗanda ake istigfari a kansu.

Ina da ƙorafi a kan takardar, na kuma rubuta shi a gefe. Wanda ya tsara ta bai san mu ba. Ta tambayi ko kallon idon mutane na yi mini wuya. To a nan wace mai tarbiyya ce ke kafa wa babba ido? Ni wuya yake mini ko da yaro ne, amma ba gurbin da zan bambanta. Wata tambayar kuma ta ce ko na fi son zama ni kaɗai. Yaya tana leƙe, na fassara mata, ta ce, "Wannan ai ba sai an yi tunani ba." Amma ni na daɗe a kanta. Ba kaɗaici nake so ba. Ina son mutane, gajiya suke sa ni, kamar mai son rana amma fatarsa ba ta ɗauka. Ba gurbin wannan ma, sai na rubuta da biro a ƙasa.

Ranar da za a sallame ni likitar ta kira ni ofishinta, ni kaɗai. Ta karanta har abin da na rubuta a gefe. Ta ce makina ya haura iyakar da ake dubawa, kuma abin da take zato sunansa otizim. Na ce na taɓa ji a rediyo, suna cewa galahanga, ciwon yara ne da ba sa magana. Raina ya ɓaci, na ce mata ni na yi makaranta, ina da aiki, na riƙe aure.

Ta ce, "Ni ma ba na son wannan fassarar. Abin hawa-hawa ne, kuma yaran nan girma suke yi, ba ɓacewa suke ba. Wasu ba a taɓa lura da su ba, musamman mata." Sai ta ɗaga takardar. "Amma ki riƙe wannan: takardar nan rariya ce, ba alƙali ba ce. Tankaɗe kawai ta yi. Damuwar rashi ma tana iya sa maki ya hau. Sai ƙwararre ya zauna da ke, sai kuma an ji yadda kike tun kina ƙarama."

Na ce, "Yana da magani?"

"Gyambon yana da magani. Damuwar ma tana da shi. Wannan kuwa, in shi ne, ba kama ki ya yi ba, da shi aka haife ki. Ba sabon abu ne ya zo ba, Malama. Wanda ke tare miki ne ya tafi."

Ban yi kuka a gaban mutum ba tun rasuwar Malam sai ranar. Ta bar ni na gama, ba ta taɓa ni ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Allah Ya saka mata.

Iyayena sun rasu, wanda ya san ƙuruciyata saura Gwaggo Larai, ƙanwar babana, a Dingaya. Bayan mako uku da na ɗan yi ƙarfi muka je ni da Yaya. Mun tarar da ita tana ɓarzar gyaɗa a inuwa, idonta ya yi rauni amma hankalinta garau. Na ce likita ce ta aiko ni in ji yadda nake ina yarinya.

Ta yi dariya. "Yau ga likitan zamani. Ke ai ba ki yi magana ba sai da kika kusa shekara huɗu, har an fara cewa bebiya ce. Ran da kika buɗe baki kuwa sai magana cikakkiya, kamar babba. Ki wuni kina jera 'ya'yan tsamiya a bakin rumbu, in kaza ta watsa ki yi ta birgima. In 'yan mata na gaɗa, kina can jikin katanga kina kallo."

"Ba wanda ya ce a kai ni asibiti?"

"A kan me? Ba kya yawo, ba kya tsiwa, ba kya ɗaga ido. Da ke ake yi wa yara misali, a ce ku dubi kunyar Sa'ade." Ta ci gaba da murza gyaɗa. "Innarki ce dai abin ke ci. In ta jawo ki jikinta sai ki sandare ki zame. Ta sha ce mini, Larai, yarinyar nan anya tana sona?"

Na ce, "Ina son ta. Riƙon ne ba na so."

"To."

"Gwaggo, ta sani?"

Da Malam ne, da ya san abin da zai ce. Gwaggo ta ce, "Wallahi ban sani ba, 'yar nan. Ki yi mata addu'a."

Na rubuta duk abin da ta faɗa, har wannan, na kai wa likita.

Wata biyu muka jira kafin mu sami ganin ƙwararren a Kano, zuwa biyu muka yi. Kafin nan likitata ta rubuta wa ofishinmu takarda, aka mayar da teburina ɗakin baya. Cikina ya lafa, tuwo ya koma shiga. Na koyi ce wa mutane, "Ku yi mini ɗaya bayan ɗaya." Wasu suna jin haushi. Dangin Malam har yau sun fi yarda da iska, na daina gardama. Abin da zan ce wa mai karanta wannan kaɗan ne. In kuna da wani babba a gida da kuka saba kira miskili ko bahago, ya rasa wanda ya jingina da shi, sai ya zube, a yi maganin jikin, a yi addu'a, amma a samu mai tambayarsa tun yaushe. In an ba shi takardar, a bar shi ya cika da hannunsa. Kada kuma a tsaya a takardar.

A zuwa na biyu ƙwararren, dattijo ne mai magana a hankali, ya ce abin da likitata ta zata haka ne. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba, na ji dai kamar an sauke mini tulu daga ka bayan wuyan ya riga ya sage. Da zan fita ya ce, "Tambaya ɗaya ta rage. Yanzu in abu ya dame ki, wa kike gaya wa? Kina da ƙawa?"

Na tsaya ina tunani har ya ce ba komai, in tafi da tambayar gida.

A mota muna gaba ni da Yaya, don ta biya kujerar gaba saboda ni. Mun wuce Wudil na ce, "Yaya, ke ƙawata ce?"

Ta juyo. "Wace irin magana ce wannan a cikin mota?"

"Likita ne ya tambaya ko ina da ƙawa. Ban san ko in lissafa da ke ba."

Ta gyara mayafi, ta kalli gonaki. Na zaci na yi laifi, na fara haɗa ban haƙuri a raina. Sai da muka kusa Birnin Kudu ta yi magana, ba ta kalle ni ba.

"Tunda gaskiya kike so tsirara, ga ta. Shekara ashirin da shida ban so ki ba. Na ɗauka raina mu kike yi. Jinyar nan ma don Iliyasu na zo. Ranar da ya kwanta bakinsa ya karkace, abin da ya iya ce mini ke nan, Yaya, Sa'ade. Ya maimaita sau biyu."

Ban san ya faɗi haka ba. Na riƙe jakata da kyau.

"Yanzu fa?"

"Yanzu ban sani ba. Har gobe ba na gane ki." Ta ja numfashi. "Amma ran Juma'a zan zo. Ki tuƙa wannan tuwon naki da ba ya canzawa. Ba zan zo da kowa ba."

"Ƙarfe nawa?"

"Bayan la'asar."

"La'asar ta fari ko sakaliya?"

Har direba sai da ya yi dariya. Ta ce, "Huɗu da rabi, Sa'ade. Huɗu da rabi."

Ta sauka a Birnin Kudu, na ƙarasa Gwaram ni kaɗai. Na buɗe gida, na tarar da shi yadda na bar shi, shiru.

Ran Juma'a tun huɗu na kwashe tuwo. Huɗu da rabi ina tsaye a zaure. Mashin ya wuce, wani ya wuce, ba ita. Na koma ciki na duba miya, na sake fitowa. Sai biyar da minti goma na ji sallamarta, tana haki, da ƙullin lemo a hannu, ita kaɗai.

Na buɗe baki zan gaya mata ta makara da minti arba'in. Sai na rufe, na karɓi lemon, na shimfiɗa mata tabarma.